Jera taurari ba tare da karkacewa ba

Malam, na fahimci damuwarka: taurari goma sha biyu kake son jerawa a gefen katin biki, kana jan su da linzamin kwamfuta, ido yana yaudararka. Bar wahalar nan. A manhajar Inkscape, ajiye tauraron farko da na ƙarshe inda kake so su tsaya, ka zaɓi dukansu, ka danna Shift+Ctrl+A. Akwatin daidaitawa zai buɗe. Danna maɓallin da ke raba tazara daidai tsakanin siffofi. In girmansu ya bambanta, daidaita tazarar da ke tsakanin gefunansu, kada ka raba ta tsakiya, in ba haka ba manya za su matse ƙanana. Ni dai na fi son Alt+D wajen kwafin taurarin, don in ka gyara uwar, wato tauraron asali, sai 'ya'yan duk su bi.