JININ DA YA ƘI ƊAUKEWA: HUKUNCINSA, DALILINSA DA INDA ZA A KAI SHI

 

Cikin tambayoyin da mata ke turo wa wannan shafi, babu wadda ta kai ta rikicewar haila yawa. Wata ta ce jininta ya kwana ashirin bai ɗauke ba. Wata ta ce sau biyu yake zuwa a wata. Wata kuma ta yi wata uku ba ta gan shi ba, sai ga shi ya ɓalle mata da gudaji. Kusan dukkansu tambayarsu ɗaya: "Malam, in yi sallah ko in dakata?" Za mu amsa wannan insha Allahu. Amma akwai tambaya ta biyu da ba a cika yi ba, wato me ya kawo jinin? Malami zai gaya miki hukuncin sallarki, amma ba shi da idon ganin abin da ke cikin mahaifarki.

HUKUNCIN IBADA

A mazhabar Imamu Malik, kamar yadda muka karanta a Ahlari tun muna allo, mafi yawan kwanakin haila ga wadda ta fara gani kwana 15 ne. Wadda ta saba kuwa, idan jini ya zarce kwanakinta, sai ta ƙara kwana uku na jira, muddin jimillar ba ta wuce 15 ba. Misali, mai kwana shida za ta jira zuwa tara, mai kwana 14 kuma kwana ɗaya kawai za ta ƙara. Mafi ƙarancin tsarki tsakanin haila biyu shi ma kwana 15 ne. Idan jinin yana zuwa yana yankewa, sai ta riƙa harhaɗa kwanakin da ta gan shi har su cika adadinta.

Duk abin da ya wuce wannan ya zama istihala, jinin ciwo. Ki yi wanka, ki tsare jikinki da audugar mata, ki yi sallah, ki yi azumi, kuma mijinki ya halatta gare ki a wajen mafi yawan malamai. Sabunta alwala ga kowace sallah mustahabbi ne a wajen Malikiyya, wasu malaman kuma sun wajabta. Idan zubar jinin ta galabaitar da ke a Ramadan, to kin shiga hukuncin marar lafiya, ki sha ki rama.

ANNABI DA KANSA YA CE JIJIYA CE

Wannan lalura ta sami sahabbai mata. Ummu Habiba 'yar Jahshi ta yi shekara bakwai tana fama da ita. Faɗimatu 'yar Abu Hubaishi ta zo wajen Manzon Allah (SAW) ta kai ƙara cewa ba ta samun tsarki, sai ya bayyana mata cewa jinin jijiya ne, ba haila ba, kamar yadda Buhari da Muslim suka ruwaito daga Nana A'isha (RA). Ku lura, 'yan uwa: dalili na jiki ya ambata mata.

Wasu na kafa hujja da hadisin Hamnatu 'yar Jahshi, inda aka jingina abin ga shurin Shaiɗan, su ce ai aikin aljani ne, ruƙiyya kawai za a yi. Malamai irin su Khaɗɗabi sun fassara shi da cewa Shaiɗan na samun ƙofa ta wannan ciwo ya rikita wa mace lissafin tsarkinta da ibadarta. Ki yi addu'a, ki riƙe azkar, babu mai hana ki. Amma a shekara ana hayaƙi da rubutu alhali ƙari na girma a mahaifa, wannan sakaci ne, kuma Annabi (SAW) ya umarci bayin Allah su nemi magani.

ME KE KAWO SHI?

A wajen likitoci, haila lafiyayya tana dawowa tsakanin kwana 21 zuwa 35, kuma ba ta cika wuce mako guda ba. Abubuwan da ke rikita ta suna da yawa. Akwai masu sauƙi: shekarun farko na balaga, lokacin shayarwa, shekarun da mace ke dab da daina haila (yawanci tsakanin 45 da 55), tsananin damuwa, ƙiba ko rama mai yawa. Hanyoyin tazarar haihuwa, musamman allurar wata uku da ashanar da ake sakawa a hannu, su ma an san su da kawo ɗigon jini a watannin farko.

Akwai masu buƙatar magani: ƙarin mahaifa da ake kira faibroid, wanda ya yawaita ga matan Afirka, ciwon sanyi da ya hau mahaifa, matsalar maƙoƙo, ko da bai fito a wuya ba, da wata lalura ta ƙwayayen haihuwa mai zuwa da tsallaken wata da ƙiba da gashi a haɓa. Haɗe-haɗen matsi da ake turawa gaba ba a san me ke ciki ba, su ma suna jawo rauni da ƙwayoyin cuta.

Sai masu haɗari ga rai: ɓari wanda bai fita duka ba, cikin da ya zauna a bututun ƙwai a wajen mahaifa, da sankarar bakin mahaifa. A nan ina jan hankali. Littattafanmu sun yi maganar hailar mai ciki, to wannan hukuncin sallah ne. Mai cikin da ta ga jini, asibiti za ta nufa a ranar.

Haka nan kada a kwana a gida idan jini na jiƙa auduga duk bayan awa ɗaya ko biyu, ko akwai jiri da suma da bugun zuciya, ko ciwo mai tsanani a gefe ɗaya na mara bayan ɓatan wata. Jinin da ke fita bayan saduwa, da wanda ya dawo bayan mace ta shekara da daina haila, ko ɗigo ne, a kai shi a duba cikin gaggawa.

"MALAM, BA MU DA KUƊI, BA MU DA INSHORA"

Wannan gaskiya ce, mafi yawanmu daga aljihu muke biya. Amma da hanya.

Na farko, ki sami ɗan littafi ki riƙa rubuta ranar da jini ya fara, ranar da ya ɗauke, yawansa da launinsa. Wannan kyauta ne, kuma zai amfani malamin da za ki tambaya da likitan da zai duba ki.

Na biyu, ki fara da ƙaramin asibitin unguwarku ko babban asibitin gwamnati. Gwajin ciki da gwajin yawan jini suna cikin mafi arha, kuma da su ake farawa. Hoton mara sai likita ya ga buƙata. Ki faɗa masa ƙarfinki tun farko, ki ce ya fara da wanda ya fi muhimmanci. Talauci ba abin kunya ba ne.

Na uku, ki yi tambaya. Dokar lafiya ta ƙasa ta 2014 ta kafa asusun kula da lafiya a matakin farko, wanda ta hanyarsa ake yi wa marasa ƙarfi rajista a wasu asibitocin mazaɓu. Dokar 2022 da ta kafa hukumar NHIA ta tanadi kaso na masu rauni, jihohi kuma suna da nasu hukumomin, kamar KSCHMA a Kano, masu karɓar wanda ba ma'aikacin gwamnati ba. Asibitocin koyarwa suna da ofishin jin ƙai na marasa galihu. Rigakafin sankarar bakin mahaifa kuwa, a Oktoban 2023 aka fara yi wa 'yan mata masu shekara 9 zuwa 14 kyauta a Najeriya.

Na huɗu, ki guji sayen maganin tsayar da jini a kemis ba tare da gwaji ba. Yana iya ɓoye ciwon na wata biyu, kuɗin ya tafi, cutar ta ƙara nisa. Araha ba ta ado.

GA MAGIDANTA

Ɗan uwa, matar da ta ce maka jininta ya rikice ba raki take ba. Wadda ke zubar da jini wata da watanni tana girki da wanki da raino da ragowar jinin da bai ishe ta ba. Na san malaman da sun yi saɓani kan ko kuɗin magani na cikin ciyarwa ta wajibi, amma malaman zamani irin su Wahbatuz Zuhaili sun rinjayar da cewa a yau magani ya zama larura kamar ci da sha. Ko ba don wannan ba, ina kyakkyawan zaman da Allah Ya umarce ka da shi? Ka ba ta izini, ka raka ta, idan tana son likita mace ku nema, idan babu kuma larura ta halatta namiji ya duba ta gwargwadon buƙata.

Masu hali da kwamitocin masallatai, zakka tana halatta ga matalauciyar da ke neman kuɗin asibiti. Irin wannan ciwo ba a shelarsa a bayan sallah, don haka ku wakilta dattijuwa amintacciya da mata za su iya faɗa wa a asirce. Nana A'isha ta yabi matan Madina saboda kunya ba ta hana su neman sanin addininsu ba. Kada ta hana namu neman lafiya.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, Ya sa kaffara ce, Ya hore wa magidanta abin ɗaukar nauyi. Ku tura wa wadda kuka san za ta amfana. Wallahu a'alam.