Littafin Hotuna da Kwanakin Farko na Yaro a Makaranta

Kowace shekara in an buɗe makarantu a watan Satumba, akan kawo yara ƙanana ajin share fage, watau ajin da yaro kan zauna kafin ya shiga aji ɗaya na firamare. Dokar ilmin bai-ɗaya ta 2004 ta sa kula da ƙananan yara cikin aikin hukumar ilmi, sa'an nan manufar ilmi ta ƙasa da aka sabunta a 2013 ta tsara shekara guda ta share fage ga 'yan shekara biyar. Rubuta sunan yaro a rajista aikin minti biyu ne, amma zamansa a aji wani sha'ani ne dabam. Sau da yawa yaro yakan yi kwana uku yana kuka, ran na huɗu uwarsa ta ce a bar shi sai baɗi. Kafin baɗi kuwa an ɗora masa talla, ko an haɗa shi da awaki, sunansa na nan a littafin malam, shi yana wani wuri.

Dattawa ba su manta da zamanin En'e ba, lokacin da hakimi kan aika wa dagaci ya kawo yara kaza makaranta, dogari ya bi gida gida, iyaye suna ɓoye 'ya'yansu. Wannan zamani ya wuce, tun gyaran ƙananan hukumomi na 1976 makarantu suka bar hannun En'e. Duk da haka har yanzu in hakimi ya yi magana a kan makaranta ana sauraro, kuma akan sa wakilin sarauta cikin kwamitin al'umma mai kula da makarantar gari. Saboda haka ya kamata hakimai da malamansu su san wata dabara mai arha wadda aka daɗe ana amfani da ita a waɗansu ƙasashe, ita ce karanta wa yaro littafin hotuna kafin ranar da za a kai shi.

Da farko sai a duba abin da ke sa kukan. Yaron da ke birgima a ƙofar firamare, shi ne dai wanda ya shiga makarantar allo ba tare da ya zubar da hawaye ba. Dalili kuwa, makarantar allo a zauren maƙwabci take, malamin ya san ubansa, kuma tun yana goye yake jin sautin karatun, ya bi yayarsa can sau da yawa kafin a wanke masa nasa allon. Firamare kuwa ga nisa, ga ƙararrawa, ga layi, ga malamar da bai taɓa gani ba. Bai san inda zai sha ruwa ba, bai san wanda zai gaya wa in fitsari ya kama shi ba. Abin da ya fi duka, ɗan shekara huɗu ko biyar bai san lokaci ba tukuna. In an ce masa za a zo a ɗauke shi da azahar, a wurinsa daidai ne da an ce ba za a zo ba.

Koyar da yara da hoto ba sabon abu ba ne. A 1658 aka buga littafin wani malami mai suna Comenius a birnin Nuremberg na ƙasar Jamus, sunan littafin Orbis Pictus, babi 150, kowane babi da hotonsa da sunayen abin da ke ciki. Amma littattafan da aka yi musamman don yaron da zai fara makaranta, yawancin waɗanda suka shahara na shekarun baya-bayan nan ne. A Ingila a 1988 Janet da Allan Ahlberg suka fitar da Starting School, wanda ke bin waɗansu yara tun ranar farko har ƙarshen zango, yana nuna inda ake rataye riga, da inda bayan gida yake, da abin da ake yi kowane lokaci. A 1992 Martin Waddell ya rubuta Owl Babies, labarin 'ya'yan mujiya uku da suka farka cikin dare ba su ga uwarsu ba, suka zauna bisa reshe suna jira har ta komo. A Amurka kuma a 1993 Audrey Penn ta rubuta The Kissing Hand, inda wata 'yar dabbar daji ta sumbaci tafin hannun ɗanta don ya tafi makaranta da alamarta.

Wanda ya duba waɗannan da kyau zai ga ba wa'azi suke yi wa yaro ba. Ba sa ce masa makaranta daɗi ce kawai, don ran farko zai gane an yaudare shi. Sukan yarda cewa akwai tsoro, su nuna wani ƙarami kamarsa yana jin tsoron, sa'an nan su bi ranar daki daki har zuwa shafin ƙarshe, inda aka zo aka ɗauke shi. Wannan shafi na ƙarshe shi ne jigon littafin. Yaron da ya ga labarin sau goma ya riga ya san bayan wasa sai abinci, bayan abinci sai waƙa, bayan waƙa sai gida, ya sami abin ƙidaya lokaci wanda ya fi masa agogo.

Sai dai a yi hattara, kada a ɗauko littafin wata ƙasa a juya shi Hausa a ce an gama. Mujiya a ƙasar Hausa tsuntsuwa ce da ake ƙyama, da wuya kaka ta yarda a zauna ana nuna wa jikanta hotonta da dare. Sumbatar hannu ba hanyar sallamar uwa da ɗa ba ce a nan, balle in ɗan fari ne, wanda uwa ke jin kunyarsa har ba ta faɗin sunansa. A gidaje da yawa wadda yaro zai yi kewa ita ce kakarsa, ko gwaggonsa, ko yayar da ta goya shi, kuma ita ce za ta riƙe hannunsa zuwa ƙofar makaranta. Littafin da zai yi amfani a gunduma lalle ya nuna wannan, da harshen da yaro ke ji a gida, Hausa ko Fillanci ko Barbarci, yadda garin yake.

Littattafan koyon karatu na Hausa, irin su Ka Koyi Karatu na da, da na shirin Mu Karanta da aka yi a jihohin Bauchi da Sakkwato, aikinsu koyar da baƙaƙe ne ga wanda ya riga ya zauna a aji. Akwai kuma African Storybook, wani shiri na Afirka ta Kudu da ya fara sa labaran yara a intanet a 2014, cikinsu har da na Hausa, kowa yana da izni ya buga kyauta. Malamin da ke da waya yana iya dubawa ya zaɓi wanda ya dace.

Amma wanda ya fi duka shi ne wanda aka yi a garin, kuma malamin hakimi da hedimasta suna iya gama shi a yini ɗaya. Takarda huɗu in an ninke su biyu sun ba da shafi 16. A ɗauki hoton hanyar makarantar da waya, da ƙofarta, da malamar ajin tana murmushi, da tabarmar da yara za su zauna, da randar ruwa, da masai, da inuwar da ake wasa, da ƙofar kuma lokacin tashi, ga yaya tsaye tana jira. A buga a shagon kwamfuta, a manna hoto ɗaya a kowane shafi, a rubuta jimla guda ƙarƙashinsa da manyan baƙaƙe. A ɗinke da allura da zare, a yi bango da kwali. In akwai fuskar yaro a hoton sai an nemi yardar iyayensa tukuna. Hoton masai kada a bar shi don jin kunya, yaro da yawa ya ƙi komawa makaranta saboda ya jiƙa wandonsa an yi masa dariya.

Yadda ake karantawa ma abin lura ne. A 1988 wani masani a Amurka mai suna Whitehurst da abokan aikinsa suka koya wa waɗansu iyaye su riƙa yi wa 'ya'yansu tambaya lokacin duba littafin hotuna, maimakon su karanta kurum yaro na saurare. Bayan wata guda aka auna, yaran nan suka fi 'yan'uwansu iya faɗin kalmomi. Ma'anar wannan ga gunduma babba ce, don ashe ba lalle mai riƙe littafin ya iya boko ba. Kaka tana iya nuna hoto ta ce, wannan wace ce, me ke cikin randar nan, in ƙishirwa ta kama ka wa za ka gaya wa? Yaro ya amsa, ta ƙara masa. A fara mako biyu ko uku kafin a buɗe makaranta, bayan sallar isha'i, lokacin da aka saba yin tatsuniya. In yaro ya ce a sake, a sake. Yaron da bai saba ganin hoto a takarda ba kuwa a bar shi ya juya shi, ya taɓa, kada a gaggauta shi.

Littafi ba zai gyara malamar da ke riƙe bulala ga 'yan shekara biyar ba, ba kuma zai hana kuka ɗungum ba. In littafi ya nuna yaya tana jira a ƙofa lokacin tashi, tilas ne ran farko ta kasance can kafin a kaɗa ƙararrawa, in ba haka ba an ɓata aikin duka.

In hakimi ya fita rangadi cikin watan Agusta, malaminsa ya tafi da littafin, a bar wa kowane mai unguwa biyu ko uku, su riƙa zagaya gidajen da ke da yaran shiga. Malamin ya rubuta adadin yaran da aka sa a rajistar ajin share fage ran buɗewa, ya koma ya ƙidaya waɗanda ke zaune bayan mako shida, ya kai wa hakimi lissafin biyu, a aika da kwafe ga sakataren ilmi na ƙaramar hukuma.