Me Ke Jefa Matasa Cikin Ciwon Damuwa?

Ciwon damuwa ya wuce ɓacin rai na kwana ɗaya. Idan matashi ya shafe mako biyu ko fiye cikin ƙunci, barci ya ƙaurace masa, abinci ya fita ransa, ya daina shiga mutane, to lamarin ya zama na likita. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa ɗaya cikin bakwai na 'yan shekara 10 zuwa 19 na fama da wata larurar ƙwaƙwalwa.

Gado na da nasa rabon, amma yanayin zaman gida da na gari babban sanadi ne: mutuwar auren iyaye, duka da gori, auren dole, zaman kashe wando bayan kammala karatu, da firgicin hare-haren 'yan bindiga. Wasu kan nemi sauƙi wajen tiramol ko maganin tari mai kodin, wanda Najeriya ta hana sarrafawa da shigowa da shi a 2018, sai ciwon ya ninka.

Abin takaici, sau da yawa ana ɗaukarsa iska ko sammu, a makara zuwa asibiti, alhali yana jin magani. Ana duba masu shi a asibitocin ƙwaƙwalwa na Kware, Barnawa, Dawanau da Maiduguri.