Zaɓen Alminiyam Mai Sauƙin Yanka Don Kayan da Ke Bukatar Awo Daidai

Alminiyam da ake ɗorawa a injin sassaƙar ƙarfe ba zalla ba ne. Haɗi ne na alminiyam da wasu ƙarafa kaɗan, kuma kowane haɗi yana da lambarsa mai alƙaluma huɗu, bisa tsarin da ƙungiyar masu sarrafa alminiyam ta Amurka ta fito da shi a 1954. Alƙalamin farko shi ke nuna babban abin da aka zuba: 2 jan ƙarfe, 5 maganiziyam, 6 maganiziyam da silikon, 7 tutiya. Daga cikin waɗannan akwai 'yan kaɗan da aka tsara musamman don su yanku da sauri a inji, su bar fuska sumul, su kuma tsaya a kan awo. Su ake kira masu sauƙin yanka, kuma fitattunsu su ne 2011 da 6262 da 6026.

Akwai wata magana da ta zauna daram a wuraren aiki, wai alminiyam duk ɗaya ne, kuma mafi taushi shi ne mafi daɗin yanka. Wannan magana ta ɓata kaya da haƙoran inji masu yawa. Taushi da sauƙin yanka abubuwa biyu ne, har ma sukan yi hannun riga. Alminiyam mai taushi, irin 1100 ko 5052 ko 6063 da ake yin firam ɗin taga da ƙofa da shi, ba ya karyewa a gaban haƙorin inji. Janyewa yake yi kamar danƙo. Sassaƙensa yana fitowa dogo, ba ya tsinkewa, sai ya nannaɗe haƙori da sandar da ake yankawa, ya karce fuskar da aka riga aka gama. Wani ɓangarensa kuma yana manne wa bakin haƙorin saboda zafi da matsi, ya taru, ya zama wani sabon baki marar kaifi. Daga nan haƙorin ya daina yanka ya koma yaga. Can sai tarin ya ɓalle, wani ya sake taruwa, kaurin abin da ake yankawa ya riƙa hawa da sauka. Mai aiki ya auna na farko ya ga daidai, ya auna na goma ya ga ya kauce, ya ɗora laifin a kan inji ko a kan yaron shago, alhali laifin yana cikin sandar da aka sayo.

Alamar a bayyane take ga mai duba kwandon da ke ƙarƙashin inji. In an yanka 2011, abin da ke zuba gutsattsari ne ƙanana, masu ɗan lanƙwasa, ana kwashe su da hannu ko da tsintsiya. In 6063 ne, dunƙulen zare ake samu mai kaifi, wanda sai an tsayar da inji an janye shi da ƙugiya. A injin hannu wannan ɓata lokaci ne kawai. A injin CNC mai aiki da kwamfuta, wanda aka bar shi ya fitar da ɗaruruwan kaya ba mai tsaye a kansa, dunƙulen nan yana iya karya haƙori ko ya toshe huji.

Sirrin masu sauƙin yanka ɗan ƙarami ne. Ana zuba musu dalma ko bismos ko kuza, ƙarafan da ba sa narkewa su saje da alminiyam, sai dai su warwatsu a cikinsa a matsayin ƙananan ɗigo. Alminiyam yana narkewa a digiri 660 na ma'aunin Salshiyos, dalma a 327, bismos a 271, kuza a 232, haɗin dalma da bismos kuwa yana iya narkewa a wajen 125. Zafin bakin haƙori yana sa ɗigon nan su yi laushi, sassaƙe ya sami wurin tsinkewa, haƙori kuma ya sami ɗan santsi.

Lamba 2011 ita ce ma'aunin da ake gwada sauran da ita. Tana da jan ƙarfe kashi 5 zuwa 6 cikin ɗari, dalma da bismos kowanne tsakanin 0.2 da 0.6. A horon T3, wato alamar irin sarrafawar da aka yi wa ƙarfen, ƙarfinta kafin ta tsinke yana kai wajen MPa 380. An daɗe ana yin sukurori da noti da ƙananan mahaɗai da sassan na'urorin awo da ita, wato kayan da ake so da yawa, ƙanana, masu zare mai tsabta. In aiki bai wuce haka ba, kuma kayan a busasshen wuri za su zauna, da wuya a sami wadda ta fi ta. Amma jan ƙarfen da ya ba ta ƙarfi shi ne rauninta. Ba ta jure danshi da gishiri. Abin da zai shekara lafiya a cikin akwatin na'ura a Kano ko Damagaram zai iya yin ƙuraje a bakin teku a Legas ko Fatakwal. Haka kuma in aka kai ta anodayizin, wato rufin kariya da ake tayarwa a fuskar alminiyam da lantarki a cikin ruwan asid, launin yakan fito a dushe, ba ɗaya ba.

Lamba 6262 ta fito daga wani gida dabam. Gindinta irin na 6061 ne, maganiziyam 0.8 zuwa 1.2 da silikon 0.4 zuwa 0.8, sannan aka ƙara dalma da bismos kowanne 0.4 zuwa 0.7. Sassaƙenta bai kai na 2011 gajarta ba, amma tana jure danshi, tana kuma karɓar anodayizin da kyau. A horon T9 ƙarfinta yana kusa da MPa 400. Shi ya sa ake samunta a bawul da mahaɗan bututu da sassan birki. Lamba 6026 kuwa an fito da ita daga baya a Turai don ta maye gurbin 6262: an rage dalma zuwa abin da bai wuce 0.4 ba, an ɗaga bismos, har akwai nau'inta da ake sayarwa a matsayin marar dalma. Lamba 6020 da kuza aka yi ta maimakon dalma.

Ba kowane aiki ne ke bukatar ɗaya daga cikin waɗannan ba. Sanda 6061 a horon T6, mai ƙarfin wajen MPa 310, ita ce aka fi samu ko'ina, tana karɓar walda, tana karɓar anodayizin, kuma tana yankuwa lafiya in haƙori yana da kaifi kuma an ba shi cin da ya isa ya karya sassaƙe. Wanda zai yi kaya guda ashirin ba shi da dalilin neman 2011 daga ƙasar waje. Ribar masu sauƙin yanka tana fitowa ne a yawa, da ƙananan huji masu zurfi, da zare siriri. Inda ƙarfi ake nema kuma, 7075 a horon T6 tana kai wajen MPa 570, tana yankuwa da tsabta ba tare da dalma ba, sai dai tsada, kuma ba a yi mata walda ta yau da kullum.

Gargaɗin da ya fi kowanne nauyi shi ne wannan: ɗigon da ke sa sassaƙe ya tsinke a inji ba sa barin ƙarfen bayan an gama aiki. Suna nan a ciki har abada, kuma ba su san bambancin zafin haƙori da zafin walda ko na injin mota ba. Wanda ya kai 2011 wurin mai walda zai ga wurin ya tsattsage tun yana hucewa, ko ya riƙe a ido ya ɓalle a aiki. Wanda ya ɗora irin wannan haɗi kusa da salansa ko a jikin tanda, inda zafi ke wuce digiri ɗari da ɗoriya, ya sa ƙarfe mai narkakkun ɗigo a cikinsa ya ɗauki kaya. Ba lanƙwashewa yake yi ya ba da sanarwa ba, karyewa yake yi farat ɗaya, musamman in akwai bugu ko girgiza. Masu kuza da masu bismos ba su tsira daga wannan ba. Rubutun "marar dalma" a takardar kaya magana ce ta lafiyar mutane da doka, ba shaidar jure zafi ba ce, kuma ana yawan rikita biyun.

Ita dalmar kanta guba ce, kuma arewacin Nijeriya ba ya bukatar a yi masa dogon bayani bayan abin da ya faru a ƙauyukan Zamfara a 2010, inda ƙurar dalma daga sarrafa duwatsun zinariya ta kashe ɗaruruwan yara. Haɗin da ke ɗauke da dalma ba ya shiga injin niƙa ko na markaɗe, ko famfon ruwan sha, ko wani abu da abinci zai taɓa. Akwai kuma hanyar da ba a cika lura da ita ba. Sassaƙen alminiyam ba a zubar da shi, sayar da shi ake yi a kilo, kuma wani kaso nasa yana ƙarewa a hannun masu narka shi su zuba tukwane da ludaya. Shagon da ke yanka 2011 ko 6262 ya zuba sassaƙensu buhu ɗaya da na sauran alminiyam, ya tura dalma madafa ke nan. Ware buhu da rubuta abin da ke ciki ba ya cin ko sisi. Masu kai kaya Turai suna da ƙarin dalili: dokar RoHS ta Tarayyar Turai ta ƙayyade dalma a kayan lantarki a kan 0.1 cikin ɗari, da rangwamen da aka yi wa alminiyam zuwa 0.4, wanda ake ta sake dubawa ana matse shi. Tsohuwar 6262 ta wuce wannan iyaka, 2011 ma tana iya wucewa. Kafin a karɓi irin wannan kwangila sai a nemi matsayin dokar na lokacin a rubuce daga mai saye.

Lambar haɗi rabin bayani ce. Sauran rabin shi ne harafi da lambar da ke biye, wato horon da aka yi wa ƙarfen. Sanda 6061 mai alamar O, wadda aka tausasa, tana danƙo kamar kowace mai taushi, alhali 6061-T6 tana yankuwa sarai. Ga kayan awo daidai akwai ƙarin alama mai muhimmanci: T651 a faranti, T6511 a sandar da aka matso. Ma'anarsu an ja ƙarfen an miƙar da shi bayan horon zafi don a saki matsin da ya maƙale a ciki. In ba a yi haka ba, sai a sassaƙe gefe ɗaya na faranti, a kwance shi daga matsewa, a ga ya gantsare, duk da cewa a kan inji daidai yake. Mai zanen da ya rubuta "alminiyam" kawai a takardar aiki bai gama aikinsa ba, kuma abin takaici irin wannan zane yana fitowa har daga hannun waɗanda suka yi karatun injiniya.

Zafin wurin aiki ma yana shiga lissafi. Alminiyam yana buɗewa kusan ninki biyu na ƙarfen tama, wajen milimita 0.023 a kowace mita ga kowane digiri ɗaya. Ƙa'idar awo ta duniya a digiri 20 aka kafa ta. Abu mai tsawon milimita 100 da aka auna a shagon kwano da rana tsaka a watan Afrilu, a digiri 40, ya fi tsawonsa na ƙa'ida da kusan milimita 0.046. In zane ya yarda da kaucewar 0.02 kawai, an riga an fita. Na'urar awo ta ƙarfe ita ma tana buɗewa, amma rabin haka, saboda haka ba ta share bambancin. Abin da aka sauke daga inji da ɗuminsa ba a auna shi sai ya huce.

Matsalar da ta fi damun mai aiki a nan ita ce sanin abin da ya saya. Sanda mai asali tana zuwa da lambarta a buge ko a rubuce a jiki, da takardar shaidar masana'anta, wadda a tsarin Turai ake kira EN 10204 nau'i na 3.1, mai nuna lambar narki da abin da ke cikinsa. Fentin da ake shafawa a bakin sanda ba hujja ba ne, don kowane dillali da launukansa. Nauyi da ƙyalli ma ba sa bambance 6063 da 6262. Inda ba takarda, na'urar XRF ta hannu tana nuna jan ƙarfe da dalma da bismos cikin 'yan daƙiƙoƙi. Inda ba ita, ɗigon ruwan kostik soda irin na masu sabulu a wurin da aka goge yana ba da haske: haɗin da ke da jan ƙarfe da yawa yana yin baƙi, na gidan 6 ba ya wuce toka-toka. Gwajin ba ya faɗin lamba, ba ya nuna dalma, 7075 ma baƙi take yi, kuma sai da safar hannu da tabarau. Sandar da aka zuba daga narkakken tarkace kuwa ba ta da gurbi a aikin awo daidai: tana da ramukan iska da ke buɗewa a tsakiyar yanka, kuma in tsofaffin fistin suka shiga narkin, silikon ɗinsu mai kai kashi 12 yana cinye bakin haƙori da wuri.

Haɗi mai kyau ba ya rufe laifin haƙori. Alminiyam yana son haƙori mai kaifi sosai, mai gogaggiyar fuska, wanda ba a yanka tama da shi ba. Haƙoran kabayid masu rufin TiAlN da aka yi don tama ba su dace ba, don rufin yana ɗauke da alminiyam, abin da ake yankawa sai ya manne masa. Gudu mai yawa da ci madaidaici sun fi lallaɓawa a hankali, wadda ita ke kawo mannewa. Kananzir da aka saba ɗigawa yana aiki a injin hannu, amma yana kama wuta, kuma ba ya maye gurbin ruwan sanyaya a injin da ke gudu duk yini. Kayan 2011 da aka yanka da ruwan sanyaya a wanke su a busar nan take, don in suka kwana a jiƙe sukan tashi da tabo.