Me Ya Haɗa Maiƙo Da Ciwon Fankiriyas?

Tambaya: Likita ya ce fankiriyas ɗin maigidana ya kumbura, ya hana shi cin maiƙo. Mene ne dalili?

Amsa: Malama, Allah ya ba shi lafiya. Wannan gaɓa tana kwance ne bayan tumbi, ita ke samar da ruwan narkar da abinci. Da zarar abinci ya gangaro ƙaramin hanji, sai hanjin ya saki sinadarai cikin jini. Tsamin ciki ke fito da ɗaya daga cikinsu, sikiritin, wanda masana Bayliss da Starling suka gano a Landan a 1902. Shi ke sa jini ya ƙaru a gaɓar, ruwanta ya kwararo. Maiƙo kuwa, irin man shanun da ke yawo saman miya, yana tayar da wani sinadarin mai suna CCK, mai matsa wa gaɓar ta zubo sinadaran narkarwa.

Lafiyayyar gaɓa ko a jikinta. Amma wadda ta kumbura, jini ba ya zagaya ta sosai, ga aiki an jibga mata. Shi ya sa zafin ke tasowa bayan cin abinci, har ya ratsa gadon baya.

Ki riƙa dafa masa maimakon soyawa, ya ci kaɗan-kaɗan, ya nisanci taba. In amai ya haɗu da matsanancin ciwo, ku garzaya asibiti.