Gayya da Zakka a Noman Kewayen Kano

Tun kafin gwamnatin Obasanjo ta ƙaddamar da shirin ciyar da ƙasa a 1976, Kanawa suna da tasu hanyar ciyar da juna. Da rani akan ɗora wa jakuna mangalar toka da shara daga birni zuwa gonakin kewaye, su zama taki. Da damina mai gona yakan kira gayya, samari su taru da garemani, makaɗa suna zuga su, ladansu fura da tuwo. Da kaka kuwa, wanda hatsinsa ya kai nisabi yakan fitar da dami ɗaya cikin 10, haƙƙin matalauta. Abin lura a nan shi ne, duk gonar da birni ya cinye da gine-gine, takan tafi ne da gayyarta da zakkarta.