Yadda Aka Rufe Gidan Tsofaffin Jiragen Sama na Manchester

A birnin Manchester, cikin ƙasar Ingila, akwai wata tsohuwar rumfar kasuwa ta ƙarfe da gilashi, wadda aka gina a ƙarshen ƙarni na 19, ana ce mata Lower Campfield. A 1983 aka mai da ita gidan ajiye tsofaffin jiragen sama, domin jama'a su riƙa zuwa kallo. Birnin kuwa ya cancanci haka, gama a nan ne A. V. Roe ya kafa kamfanin ƙera jirage na Avro a 1910.

Ginin na majalisar birni ne, masu gidan tarihi riƙo kurum aka ba su. Da shekaru suka tura sai ya tsufa, aka ga gyaransa zai ci kuɗi mai yawa ƙwarai. Saboda haka a 2021 aka ba da sanarwa an rufe gidan ke nan, za a mayar wa majalisa gininta.

To, nan fa aiki ya taso, don jirgi ba takobi ba ne balle a naɗe shi a sa cikin akwati. Mafi girma a cikinsu shi ne Avro Shackleton, jirgin sintiri na soja mai inji huɗu, wanda faɗin fikafikansa ya kai wajen ƙafa 120. Sai da aka kwance shi gunduwa-gunduwa, aka ɗora a manyan motoci, kana aka kai shi gidan tarihin jirage na Avro a Woodford, kusa da garin Stockport. Wani jirgi mai saukar ungulu, Bristol Belvedere, aka tura shi Weston-super-Mare, inda ake tara irinsa.

Abin da ya kamata hakimai da malamansu su lura da shi, shi ne yadda aka raba kayan ba tare da sun salwanta ba. Jirage da dama a cikinsu na aro ne, waɗansu daga gidan tarihin mayaƙan sama na Ingila. Da yake an san mai kowane ɗaya a rubuce, sai aka mayar wa masu shi, ko kuwa aka nema masa sabon masauki da yardarsu. A ganina takarda ce ta tsirar da kayan nan, fiye da ƙarfin ginin da suka zauna ciki shekara 38.

Mu a nan ba jirage muke ajiyewa ba, amma da wuya a sami gidan sarauta da babu tambari, ko sulke, ko tsofaffin wasiƙun ajami. Sau da yawa mutum ɗaya ne tak ya san asalinsu, ran da ya kau kuwa sai gardama ta tashi tsakanin magada da masu sarauta. Lalle ne malamin hakimi ya buɗe littafi na musamman, ya ba kowane abu lamba, ya rubuta sunansa, da inda ya fito, da ko na sarauta ne ko na gado. In an ba wani gidan tarihi aron abu, kamar Gidan Makama na Kano, a rubuta ranar bayarwa da sharaɗin mayarwa, mai bayarwa da mai karɓa su sa hannu gaban shaidu biyu. A yi littafin kwafi biyu, ɗaya a ofishin hakimi, ɗaya a aika fadar Sarki.